Jar Fingin Baba Tanimu

A shekarar da soja suka canja launin takardun kuɗi, azumi ya same mu a tsakiyar zafi. Da wannan nake riƙe shekarar, don a lokacin ban iya boko ba, balle in rubuta lamba in ajiye. Ruwa ya sauka sau ɗaya, masu gonaki suka yi shuka, daga nan sama ta kulle. Bana ma haka aka yi. Shekaranjiya na tsaya a ƙofar gida ina kallon gabas, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Sai na ji ƙafata tana neman bayan katanga in koro kaji ciki. Kajin da nake so in koro kuwa sun fi shekara talatin ba sa duniya.

Kajin na Baba Tanimu ne, aminin mahaifina, mutumin Kusfa. Shi ya koya mini ɗinkin riga na hannu bayan mahaifina ya rasu, a zaurensa kuma na fara sanin fingi. Fingi ita ce kazar da gashinta bai kwanta ba, kowane gashi ya murɗe ya juyo gaba. Ana samunta jefi-jefi a kasuwa, amma ta Baba daban ce. Ja ce kamar lallen da ya kama sosai, ga tukku a ka kamar an ɗora mata hula. A wurin mahaifinsa ya gada, shi ma mahaifin a wurin nasa. Ban taɓa ganin irinta a wani gida ba sai inda Baba ya kai.

Kiwonta yana da ƙa'ida. Ba a haɗa fingi da fingi, don 'ya'yan sukan fito kusan tsirara, gashin yana kakkaryewa. Sai dai a haɗa zakaran fingi da kaza mai kwantaccen gashi, wasu 'ya'yan su murɗe, wasu su kwanta. Wadda ta kwanta kuwa ta kwanta ke nan, ba za ta ba ka fingi da kanta ba. Saboda haka irin yana jikin masu murɗaɗɗen gashin nan kaɗai.

Baba ba ya sayar da su, ba ya kuma tara su wuri ɗaya. Rabawa yake yi, yana kiran abin ajiya. Akwai ajiya a Limancin Kona wurin Alhaji Maiwada, tsohon akawu. Akwai a Tudun Jukun, bayan ganuwa, wurin Garba Mai Itace. Akwai kuma a wurina, can gefen gari. In ciwon kaji ya shiga wata unguwa ya share ta, sai a ɗebo ƙwai daga wata a sake tashi. Ka ci ƙwan sauran kajinka yadda kake so, amma ƙwan ajiya ba ya shiga tanda.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci mukan haɗu a zauren Baba. Babu abin da ake samu a ciki, sha'awa ce kawai. A kawo zakara a ajiye a tsakiya, a duba ƙafa, a buɗe fiffike, a yi gardama. Babban zakaran Baba sunansa Mai Lalle, kuma Garba ba ya ganinsa ya yi shiru.

"Baba, wannan yaushe zai gama faɗa da iska ne? Kullum kamar an kore shi daga gidan biki."

"Kai da ka san itace kaɗai, ina ruwanka da kyau?" in ji Baba. "Dubi wuyan nan. Ko aska takwas ɗin da Sule yake ɗinkawa ba ta kai shi tsari ba."

Sule ni ne. Alhaji Maiwada kuwa sai ya gyara tabarau ya ce, "Malam Tanimu, in dai tsari ne, nawa zakaran ya fi uban nasa." Daga nan sai la'asar.

To, a shekarar nan abubuwa suka tsaya. Babu mai kawo ɗinkin riga, ko zare ma ya yi wuya. Sukari da sabulu sai an bi layi a rana, sau da yawa kafin a zo kanka an ce ya ƙare. Hatsi ya hau yadda mutum zai je kasuwa ya tambaya ya juyo bai saya ba. Rijiyarmu ta ja baya, guga tana fitowa da laka, sai an bar ruwan ya kwanta kafin a sha. Da rana katangar gida takan ɗauki zafi ta riƙe, in ka jingina bayan magariba kamar ka jingina da murhu. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri. Kaji suna kwance ƙarƙashin rumbu, baki buɗe, fukafukai a sake.

Matata Dije tana goyon 'yarmu ta fari. Kunun buɗa-baki kullum ƙara tsinkewa yake, har ya zama kana ganin gindin ƙwarya. Da sahur ɗumamen tuwo ne in ya kwana, in bai kwana ba kwaɗon rama. Dusar da a da ake zuba wa kaji ba a ko kallo, yanzu Dije takan sake tankaɗe ta, ta cire mai laushin ta haɗa da garin tuwo. Abin da ya rage a rariyar tankaɗe shi ne na kaji.

Abin da ya cece ni shi ne kangon da ke bayan katangarmu. Tsohon gida ne da ya rushe, ƙasarsa ta yi kwari, gara ta cika shi. Nakan sami tsohuwar tukunya in cusa mata kara da tsumma da busasshen kashin jaki, in yayyafa ruwa, in kife ta a kan hanyar gara. Ruwan ma ba na randa ba ne. Kasko muke ajiyewa mu yi alwala a kai, abin da ya taru shi nake yayyafawa. Da safe in na ɗaga tukunyar na kakkaɓe, sai ƙasa ta yi fari da gara, kaji su rufe ta. Ta ramin da ruwa ke fita a gindin katanga, wato rariyar gida, suke fita kangon, ta nan kuma suke dawowa.

Garba ne ya fara zuwa zauren Baba da kwando a ka. Ranar bai yi wasa ba. Ya sauke, ya tsuguna.

"Baba, ga ajiyarka. Wallahi yarana da kajin nan tare suke wawar dusa. In nawa suka mutu, nawa ne. Amma ba zan so amanar wani ta mutu a hannuna ba."

Baba ya daɗe yana kallon kwandon. "Garba, ai don kada su taru na raba."

"Na sani, Baba. Ka yafe mini."

Ba a jima ba Alhaji Maiwada ya aiko da nasa, shi kunya ma ba ta bar shi ya zo da kansa ba. Babu wanda ya ga laifinsu. Mutanen kirki ne, tsoron amana ne ya sa su. Shi kuwa Baba gidansa a tsakiyar unguwa yake, babu kango, babu gara, ga iyali. Ya kira ni ya ce, "Sule, kai kaɗai ke da abin ba su. Ka haɗa har da Mai Lalle. Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, kowa zai karɓi nasa." Haka duk jar fingin da ke duniya, a iya sanina, ta taru a bayan katanga ɗaya.

Ana tsakiyar azumi wani mutum ya yi sallama da ni. Ban san shi ba, amma rigarsa ta nuna ba ya cikin masu bin layi. Ya ce an faɗa masa ina da jan zakaran fingi, malaminsa ya ce a nemo don wani aiki. Na ce ba nawa ba ne. Ya ce zai sauke mini buhun gero a zaure kafin magariba. Na san abin da ake yi da zakaran da aka saya don aiki, ba ya kwana da rai. Na ce ya dawo gobe.

Na tafi Kusfa na gaya wa Baba. Ya ajiye allurarsa. "Mai goyo tana gidanka," in ji shi. "Akwai ƙananan zakaru biyu, ko da yake ba su kai Mai Lalle ba. Je ka tambayi Dije. In ta ce a bayar, na bayar, ba kuma zan sake tayar da maganar ba."

Na same ta tana tsince rama, yarinya tana tsotson nonon da babu wani abin kirki a ciki. Na faɗa mata duka. Ba ta ɗago ba.

"Malam, buhu ɗaya ai ƙarewa zai yi."

"Zai kai mu kaka."

"Ya kai mu. In mun je kaka, wa zai kalli idon Baba ranar Juma'a, ni ko kai?" Ta watsa ramar a tukunya. "Ni dai ba zan ci tuwon ajiya ba. Ka ce masa ya nemi wani."

Da mutumin ya dawo na ba shi haƙuri. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya tafi.

A goman ƙarshe aka yi shelar fita roƙon ruwa. Da hantsi muka fita bayan gari, manya da yara, da tsofaffin riguna an juya su baibai. Kafin in fita na ɗaga tukunyar gara, kaji suka bi rariya suka fita kango kamar kullum. Sama fes take, ko gizagizai babu. An yi salla, liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, tsofaffi suna kuka. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Ba mu watse da wuri ba, aka zauna ƙarƙashin itatuwa ana ta istigfari.

Muna hanyar dawowa iska ta juya. Wani sanyi ya bugo daga gabas, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin mu kai ƙofar gari duhu ya rufe, sai ruwa kamar ana juye randa. Mutane suka ɗaga hannu suna kabbara, wasu suka yi sujada a cikin taɓo, yara suna tsalle. Ni ma na yi kabbara, har ga Allah na yi murna. Ina cikin haka sai na ji an damƙi hannuna. Baba ne, ruwa yana zuba daga gemunsa.

"Sule, suna ciki ko suna waje?"

Na zura da gudu.

Kaza mai kwantaccen gashi ruwa yakan zame ta bayanta, in ta ga wuya kuma ta yi tsalle ta hau katanga. Fingi ba ta da ko ɗaya. Gashinta a buɗe yake, ruwa yana shiga har fata, fiffikenta kuma ba ya ɗaukar ta. Hanyarta ɗaya ce, rariya. Rariyar kuwa a ranar duk ruwan tsakar gida da na indararo ta nan yake fita da ƙarfi, yana zuba cikin kwarin kangon. Sauran kajina sun haye katanga sun shige ƙarƙashin rumbu. Fingin suka taru a bakin ramin da suka sani, suna kutsawa, ruwa yana mayar da su.

Da na iso lungunmu ruwa ya kai ƙwauri. A cikin kangon na sami Dije. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka ƙofar zaure da rana ba. Ta bar yarinya a ɗaki, ta zagayo ta lungu ba ko takalmi, tana tsamo kaji tana zubawa a cikin mayafinta.

"Kama wancan, Malam! Ga shi can gindin bango!"

Mai Lalle ne. Da na ɗaga shi sai na ji kamar tsumma, duk girman nan ashe gashi ne. Yunwar watanni ta riga ta cinye naman. Waɗansu mun same su ruwa ya riga ya gama da su, ya tura su cikin tarkacen kara.

Itacenmu duk ya jiƙe. Dije ta fasa tsohuwar kujerar tsakar gida ta hura wuta a ɗaki, muka jera su a gefen murhu, muka lulluɓe su da tsummoki har da wata rigar da na fara ɗinka ban gama ba. Da aka kira magariba da ruwan sama muka buɗe baki, mai sanyi, mai daɗi, rabonmu da irinsa an daɗe. A waje gari ya cika da murna, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, yara suna kamawa a kwano. Abincin kaji ya samu har ya yi yawa. A ɗakinmu kuwa babu mai iya ɗaga kai ya ci.

Kashegari suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ji numfashi yana ƙara, ido ya rufe, wuya ya lanƙwashe. A nan wata wahalar ta zo. Kazar da ka ga za ta mutu, in ka yanka ta ka sami nama. In ka jira ko za ta tashi, ta mutu a hannunka, ta zama mushe, ka rasa kaza ka rasa nama. A gidan da aka daɗe ba a ga nama ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma ajiya ce, ba ni da ikon sa wuƙa. Na yi ta jira, suna ta zama mushe, ina kai su kango ina binnewa.

Da la'asar Baba ya iso, taɓo har gwiwa. Ya shiga ɗakin, Dije ta durƙusa ta gaishe shi ta koma gefe. Saura Mai Lalle kaɗai. Baba ya ɗauke shi ya sa a cinya, ya buɗe bakinsa ya duba, ya taɓa zankonsa da ya yi baƙi-baƙi. Ya daɗe yana shafa wuyan nan, yana mayar da gashin yadda yake a da.

"Baba, mu ba shi zuwa safe," na ce. "Wataƙila ya tashi."

"Ba zai kai isha ba." Ya dubi Dije, ya dubi yarinyar da ke bayanta. "Na ji abin da kika ce a kan buhun gero, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Sule, kawo wuƙa."

Na kawo, na miƙa masa. Ya girgiza kai. "Kai za ka yi. Ni zan riƙe."

A bakin rariyar muka yi. Ya riƙe ƙafafu da fukafukai, ya juya shi gabas, na yi bisimilla. Jinin ma kaɗan ne. Baba ya ce a yi wa mai goyo romo, kada a kai masa ko tsoka ɗaya. Ya ciri gashin wuya guda uku ya sa a aljihu, ya tafi kafin a sha ruwa. Dije ta dafa, ta sha, don an ce ta sha. Ban taɓa jin ta ambaci buhun geron nan ba har yau.

Sauran fata ɗaya ya rage. Akwai wata baƙar kaza mai tukku, mai kwantaccen gashi, da take kwanci a fasasshiyar tukunya ƙarƙashin gadon Dije. Ƙwai biyar ne, kuma na Mai Lalle ne. Bayan ƙaramar salla, uku daga ciki suka ƙyanƙyashe. Ɗan tsako ba a gane shi ranar da ya fito, duk laushi ɗaya ne, sai gashin fiffike ya fara tsirowa. Zaman Juma'a ya dawo gidana. Garba ya zo, Alhaji Maiwada ma ya cire kunya ya zo. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo 'yan tsakin a ƙwarya. Gari ya yi kore, gero ya fara rufe ƙasa, kowa ya ɗan murmure.

Baba yakan ɗauki ɗaya, ya buɗe ɗan fiffiken da yatsa, ya ɗaga shi wajen haske.

"Wannan kamar bakinsa ya ɗan juyo," in ji Garba.

Alhaji ya gyara tabarau. "Ni ma na ga haka."

"Ku bari dai," in ji Baba. "Sai wata Juma'ar."

Wata Juma'ar gashin ya fito sosai, babu sauran gardama. Duka ukun a kwance, sumul, kamar an shafa musu mai. Baba ya mayar da na ƙarshe cikin ƙwarya a hankali. Ya ce, "Lafiyayyu ne, masha Allah. Ruwa ba zai taɓa waɗannan ba." Garba ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannu. "Ba kai ka kawo yunwa ba, ba kai ka kawo ruwa ba. Mu muka fita muka roƙa."

Mun yi shekaru muna nema. Duk wanda zai je kasuwar ƙauye sai mu ce ya duba mana. An kawo fingi fara, an kawo mai toka-toka, an kawo ja marar tukku. Baba yakan karɓa ya duba ya yi godiya, ya ce a mayar. Zaman Juma'ar ya yi ta raguwa har ya mutu, tun kafin shi Baba ya rasu.

Yanzu kangon nan an gina shi, an yi masa siminti. Maƙwabcina yana kiwon fararen kajin gidan gona a keji, abincinsu a buhu yake zuwa, ba su san rana ba, ba su san ruwa ba, ba kuma mai sa musu suna. Ni har yanzu akwai jikokin baƙar kazar nan a gidana. Lokaci-lokaci ɗaya takan fito ja da tukku, in ɗauke ta in buɗe fiffiken in duba, ko da yake na san abin da zan gani.

Damina ta yi kyau a shekarar daga baya, babu wanda ya mutu da yunwa a gidanmu. Abin da ya tafi shi ne wannan: fingi mata takwas, zakaru uku. Huɗu ruwa ya ci a kango, shida suka mutu a gefen murhu, ɗaya muka yanka. Sai ƙwai biyu da ba su fashe ba, da kujerar Dije, da riga ɗaya da ban gama ɗinkawa ba.